Vigdis da Fadamar Aslaug

Vigdis Mjelde ba ta iya riƙe magana ba, kuma har aka binne ta a hunturun da ya wuce ba ta taɓa yin kamar ta iya ba. Ranar da ta fara ganin ka za ta gaya maka da bakinta. "Ni kwando ce," haka take cewa, "abin da ka zuba mini ta sama, ka je ka tare shi ta ƙasa." Ba gulma ba ce irin ta mugunta. Nata sirrin ma haka take watsa shi. Kafin ta cika mako guda a Skarvedal, duk wanda ya tsaya kusa da ita a layin gidan waya ya san mijinta ma'aikacin jirgin ruwa ne, ya sauka a Rotterdam ya ga wata mai gyaran gashi bai sake waiwayo gida ba. Ya san likita ya ce ba za ta haihu ba. Ya san haƙoranta biyu na sama ba nata ba ne.

Ta zo garin a ƙarshen Agustan 1979, tana da shekara talatin da takwas, da akwati biyu da lema uku. Daga Bergen ta taso, inda ruwan sama da surutu ba sa ɗaukewa. Kwalejin horon malamai na neman mai dafa abinci, ita kuma tana neman inda ba wanda zai tambaye ta mijinta, ko da yake ita ce ta riƙa ba da labarinsa ba a tambaya ba. Bas ya yi awa bakwai yana hawa, ya sauke ta a gaban babban kanti. Titi ɗaya, coci, kanti biyu, kwaleji a kan tudu, duwatsu sun kewaye ko'ina kamar an jefa garin cikin tukunya. Ta tambayi direba ta ina ake shiga cikin gari. Ya ce a kai take tsaye.

Skarvedal gari biyu ne a wuri ɗaya. Akwai mutanen kwaleji, masu zuwa da Agusta su watse da Yuni, su yi shekara uku su tafi ba su san sunan maƙwabcinsu ba. Akwai kuma 'yan gari, masu tumaki da gonakin ciyawa, waɗanda ke ba ɗalibai hayar ɗakunan ƙasa, su sayar musu da madara, amma ba sa kiran su sama shan kofi. Vigdis ta faɗo tsakani. Da rana tana kan tudu tana zuba wa mutum ɗari uku dankali da wainar kifi, da yamma ta gangaro ɗakin ƙasa na gidan Aslaug da Sveinung Tveito, can ƙarshen titi kusa da gada.

A ɗakin cin abinci na kwaleji kasuwarta ta buɗe. Ɗalibai suna son ta, don tana cika musu faranti kuma tana zagin su kamar uwa. Ta san wa ke son wa, wa ya faɗi jarrabawa, wa aka kora daga ɗakin haya, kuma duk wanda ya miƙo faranti a gabanta shi ma ya sani. Amma a gari abin ya ƙi. Za ta tare mace a kanti ta zuba mata magana ta minti goma, matar ta ja numfashi ciki ta ce "E," ta ɗauki kwandonta ta wuce. Hunturun farko, da rana ta ɓuya a bayan dutse tun Nuwamba ba ta sake taɓa rufin gidaje ba sai Fabrairu, Vigdis ta kama kanta tana ba tukunya labari. Lemominta uku suka tsufa a bayan ƙofa, don ba a tare dusar ƙanƙara da lema, wanda ya gwada kuwa ya gama bayyana daga inda ya fito.

Sveinung ne ya raɗa mata suna Rediyon Bergen. In ya hango ta tafe sai ya kai hannu gefen kunnenta, wai yana neman inda ake rage murya. Ita kuma ta ce masa gara rediyo da kututture, ko ba komai rediyo ya san ana ruwa.

Matarsa Aslaug doguwa ce busasshiya, ta girmi Vigdis da kusan shekara ashirin, gwiwar hagu na damun ta tun wata faɗuwa da ta yi a kan ƙanƙara. Takan yini ba ta furta kalma talatin ba. A shekara ta biyu, lokacin haihuwar tumaki, ciwon huhu ya kwantar da Sveinung, Vigdis ta shiga garke ba a kira ta ba. Ba ta san komai a kan tumaki ba. Ta dai danne tunkiya tana zagin ta da uwarta, Aslaug na ciro ɗan. Mako biyu suka yi a haka. Bayan nan aka fara kiran ta sama ranar Lahadi in an taso coci. Kofi, waina, cuku mai ruwan ƙasa. Vigdis na zuba, Aslaug na saƙa, jefi-jefi ta ce "To." A duk Skarvedal wannan ne teburin da ya karɓe ta, kuma ta san haka.

Wata Juma'a a farkon Agustan 1983, Aslaug ta tsaya a bakin ƙofar ɗakin ƙasa ta tambaye ta ko tana da takalmin roba. Vigdis ta ce tana da shi, me ya faru. Aslaug ta ce gobe ƙarfe shida, ta zo da abincinta.

Sai da suka wuce bukkar makiyaya ta biyu Vigdis ta gane inda za su. Shekara huɗu sun ishe ta sanin darajar multe, wasu ƙananan 'ya'yan tsiro masu fitowa a fadamar kan dutse, a wannan kwarin. Dutse na kowa ne, ba shinge ba takarda, duk wanda ya ci karo da 'ya'yan nan a fadama yana iya tsinka. Abin da ke tsare fadamar mutum bakinsa ne kawai. Kana iya tambayar ɗan Skarvedal lafiyar aurensa ya amsa maka, amma in ka tambaye shi inda ya samo multe, sai ya ɗaga hannu ya nuna rabin sararin sama ya ce, "Can sama." Wannan wurin uwar Aslaug ce ta nuna mata, ita ma tata uwar ce ta nuna mata. Ƙanwar Sveinung ta yi shekara talatin tana kewaye-kewaye a bakin maganar ba a kai ta ba. Aslaug ba ta da 'ya mace, 'ya'yanta maza biyu kuma suna Oslo, ba sa bambanta multe da kashin tunkiya.

Vigdis ta ja ta tsaya a kan hanya. "Aslaug, kin fa san ni."

"Na san ki."

"Na gaya miki ni kwando ce."

"Kin gaya wa kowa," in ji Aslaug, ta ci gaba da tafiya.

Awa uku suka yi suna hawa. Suka ƙetare rafi a wajen wani dutse da ya tsage biyu, suka bi hagu a inda hanya ta yi dama, suka kutsa cikin gajerun itatuwa har suka ɓulla. Fadama ce mai faɗin filin ƙwallo uku, kwance a bayan kafaɗar dutse, ba a hango ta daga ko'ina. Ta yi jawur kamar an watsa garwashi. Vigdis ta sunkuya za ta tsinka, Aslaug ta buge mata hannu. Ja ɗanye ne, da tauri, ganye ya rungume shi. Sai ya koma rawaya, ya yi laushi, ya faɗo hannu da kansa. Wanda ya tsinki ja ya ɓata wa kansa ya ɓata wa na baya, kuma a garin nan gara a ce rago ka sata. Aslaug ta matsa ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu, ta dubi sama, ta ce saura mako biyu. Ta ce rabon da ta ga shekara irin wannan tun bayan yaƙin duniya na biyu. Suka zauna a kan dutse suka sha kofi daga filas, sauro na cin su. Ba ta ce kada ki gaya wa kowa ba. A Skarvedal ba a faɗar wannan, kamar yadda ba a ce wa baƙo kada ya yi fitsari a falo.

Lahadi riƙe baki bai yi wuya ba, don da Aslaug ta yini. Litinin ta koma aiki. Kwaleji ba ta buɗe ba tukuna, amma akwai kwas na mako uku da ake yi wa malaman firamare a kan yadda za su riƙa fita da yara daji, mutum ashirin da biyar daga ko'ina cikin ƙasar. Mai koyar da su Malam Rustad ne, mutumin Oslo, mai gemu da gajeren wando, wanda ya yi shekara shida a garin bai taɓa shiga falon ɗan gari ba. Ba mugu ba ne. Tsokana yake so, ita kuma ba ta barin ta kwana.

Ya ga cizon sauro a wuyanta. "Vigdis, me ya cinye ki haka? Ko kin yi kuskure ne kin wuce tashar bas?"

Aka yi dariya. Ya ce ai 'yan Bergen dutse ɗaya suka sani, wanda ake hawa a zaune cikin tarago da lema a cinya. Ta ce ita ta taka inda shi da gemunsa da taswirorinsa ba su taɓa takawa ba. Ya ce a ina. Ta ce ba za ta faɗa ba. Ya ce to, ai haka duk masu mafarki suke cewa.

Daga baya ta sha juya wannan minti ɗin a ranta. Ba don ya ƙure ta ba ne kawai. So take a san cewa ita, Rediyon Bergen, an kai ta. Ta ajiye ludayi ta fara: bukka ta biyu, rafi, dutsen da ya tsage, a bi hagu inda hanya ta yi dama. Tana faɗa tana jin kanta tana faɗa, kamar mai gangara a keke ba birki. Malam Rustad bai rubuta komai ba. Aikinsa ke nan, ji ɗaya ya ishe shi.

Ranar Alhamis da la'asar suka shigo mata kicin ta ƙofar baya, rana ta gasa musu fuska, suna dariya, da bokiti tara. Suka jera a gabanta. Jajaye ne masu tauri kamar tsakuwa, da ganye da kara, wasu har da saiwa. Wata malama daga kudu ta rungume ta ta ce ba ta taɓa ganin wuri mai kyau haka ba, sun gode. Malam Rustad ya ce ta dafa musu da sukari saboda walimar rufe kwas.

"Ɗanyu ne," in ji Vigdis.

"Ai za su nuna a bokiti, ko ba haka ba?"

"Kun bar wani abu?"

Ya yi dariya ya ce mutum ashirin da biyar ne fa, kuma masu ƙwazo.

Ta gwada dafawa, don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba. Ta zuba sukari kilo shida. Abin ya fito da tsami da ɗaci, ƙwallaye zalla. Ta jira kowa ya watse, ta kwashi bokiti tara ta juye a ramin shara na bayan kicin, ta rufe da ɓawon dankali. Ranar walima tuffa ta dafa musu.

Daga nan ne abin da ya fi ci mata rai ya fara. Saura kwana tara su koma. Labarin kwaleji ba ya gangarowa gari sai ta bakinta, ita ce gadar, in ta yi shiru ba abin da ke ƙetarewa. Ta kuwa yi shiru. Matar da duk gari ya san ranar da aka yi mata aikin basir, ta hau sama ranar Lahadi ta sha kofi, ta ga Aslaug ta wanke kwalabe arba'in ta kife su a kan tawul, ta ga an aiki Sveinung ya sayo buhun sukari, ta yi surutu a kan sabon fasto da ƙafar direban bas da duk abin da ya zo bakinta, ban da abu ɗaya. Kullum da safe takan ce yau za ta faɗa. Takan kai har tsakiyar matakala. Wani lokacin ta ce wa kanta wataƙila sun bar gefe guda, wataƙila wasu sun sake fitowa, alhali ta san multe ba ya fitowa sau biyu a shekara.

Asabar ta zo. Aslaug ta ɗaure gwiwa da bandeji, ta goya jaka da bokiti biyu, ta miƙa wa Vigdis biyu. Wannan karon hawan ya ci awa huɗu, don gwiwar ta tashi da kumburi. Sau uku Aslaug na zama a kan dutse tana murza ta, sau uku Vigdis na buɗe baki tana rufewa. A wajen dutsen da ya tsage akwai sawun takalma a laka, da yawa, da ɓawon lemo. Aslaug ta dube su, sai ta ƙara sauri.

Fadamar ta koma kamar inda shanu suka kwana. An tattake ta baƙi ƙirin, ruwa ya taru a cikin sawaye. Can ba a rasa ba, ƙwaya ɗaya rawaya da ta tsira. Aslaug ta sauke jaka. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta zauna a kan dutsen da suka zauna wancan karon, ta buɗe filas, ta zuba kofi biyu, ta miƙa wa Vigdis ɗaya. Da zagin ta ta yi da ya fi sauƙi.

Vigdis ta fara magana, duka a cakuɗe, Rustad da sauro da tarago da bokiti tara. Aslaug ta bar ta har ta ƙare.

"Yaushe suka zo?"

"Alhamis. Ba ta shekaranjiya ba, ta makon jiya."

"Kuma kin sani tun ranar."

"Na sani."

Aslaug ta kurɓi kofi. "Faɗar da kika yi laifina ne, ni na kai kwando rafi. Amma da kin gaya mini, da ban hau da wannan gwiwar ba."

Ta tashi ta tsinci abin da ya rage, bai cika murfin filas ba. Saukowa ta kai su har yamma. A wajen rafi Vigdis ta miƙa hannu za ta riƙe ta, Aslaug ta ce ta iya. Mako uku ba ta taka ƙasa ba bayan nan, kuma gwiwar ba ta sake kai ta gaba da bukka ta farko ba.

Ba a kori Vigdis daga ɗakin ba, ba a yi mata faɗa ba. In sun haɗu a tsakar gida Aslaug za ta gaishe ta, ta ce da alama sanyi zai sauko da wuri. Kofin Lahadi ne ya mutu. Ba wanda ya ce ta daina zuwa. Ta hau Lahadi ta farko ta tarar an kulle ƙofar matakalar ciki, abin da ba a taɓa yi ba, ta sauko. Gari ya ji, ta bakin Vigdis kuwa, don da ta fasa shirun sai ta kasa tsayawa. Ta gaya wa mai gidan waya, ta gaya wa matar fasto, kamar mai neman wanda zai mare ta. Ba wanda ya mare ta. In ta shiga kanti sai mata su yi tsit, wata ta ce, "Ku rage murya, an kunna." Ƙanwar Sveinung ta tare ta a bakin gada ta ce an gode, yanzu ita ma ta san wurin, a allon sanarwa na kwaleji ta gan shi.

Gaskiya ta faɗa. Malam Rustad ya sa fadamar a cikin taswirar da ake raba wa sababbin ɗalibai. Vigdis ta same shi a ofis ta roƙe shi ya cire. Ya saurare ta da kyau, ya ce bai ji daɗin ɗanyun da aka tsinka ba, zai koya musu su riƙa jira, amma dutse na kowa ne, ba zai ɓoye wa mutane ƙasarsu ba saboda wata tsohuwar al'ada. Ta rasa ta inda za ta ce masa ƙarya yake. Tun daga nan aka samu hanya fetal zuwa wurin, kuma duk wanda ya riga shi ke tsinka, ja ko rawaya, don ya san in ya bari na bayansa ba zai bari ba.

Ranar jajibirin Kirsimeti Aslaug ta turo Sveinung ya kira ta, don ba a barin mutum shi kaɗai a ƙarƙashin gidanka a irin wannan ranar, ko me ya yi. Aka ci haƙarƙarin rago. Da aka zo kan kayan zaƙi, inda shekara arba'in ake kawo multe cikin kirim a babban kwanon gilashi na uwar Aslaug, sai ga kwanon ya zo da 'ya'yan itacen gwangwani. 'Ya'yan gidan da suka zo daga Oslo suka tambaya. Aslaug ta ce bana ba a samu ba. Vigdis ta cinye nata tas, don barin sa zai fi muni, kuma ta ce a rayuwarta ba ta taɓa haɗiye abu mai wuya irinsa ba.

Ta gwada sayen multe. Ta sa aka kawo mata kilo biyu daskararru daga birni, ta ajiye a bakin ƙofarsu. Washegari Aslaug ta ce an gode, na Finland ne ko? Ta ce e. Aslaug ta ce ai su ma suna da fadama. A nan maganar ta tsaya.

Da wata ce da ta tattara ta koma Bergen. 'Yar'uwarta ta rubuto sau biyu tana tambayar me take yi a cikin wannan ramin. Vigdis ba ta koma ba, kuma ba jarunta ba ce. Cewa ta yi in ta tafi, labarin da za a riƙa bayarwa a kanta ke nan har abada, ba ƙari. Sai ta sayi takalmin hawa da taswira ta fara yawon dutse, duk Asabar daga Yuli zuwa Satumba, ita kaɗai, tana surutu da tumakin mutane. Ba ta iya ba. Sau biyu tana ɓata, sau ɗaya sai masu neman tumaki ne suka dawo da ita a bayan tarakta, gari ya samu abin dariya na wata guda. Ta samu fadamu da yawa, amma kowace ko ba komai a cikinta, ko kuwa ga wani tsoho zaune a gefe yana kallon ta kamar ta faɗo masa banɗaki. A hankali ta koyi duba inda ƙanƙara ke daɗewa ba ta narke ba, da inda iska ba ta kaɗe fure a watan Yuni. Ba wanda ya koya mata. Wa zai koya wa rediyo?

Haka aka yi shekara bakwai. Malam Rustad ya samu ƙarin girma ya koma kudu. Ɗalibai suka zo suka tafi, sababbin ba su san komai ba, suna son ta kamar na da. Kanta ya yi furfura. Halin dai na nan yadda yake, don a cikin shekarun nan ne ta baza labarin cikin da sakatariyar kwaleji ta yi tun uwar yarinyar ba ta ji ba.

A Agustan 1990, a bayan wani dutse da ke gabas, tafiyar awa biyar daga gari, ta zame ta gangara wani kwazazzabo da gindi, ta miƙe ta ga ja a gabanta. Ba ta kai ta Aslaug girma ba, da kyar ta yi rabi. Amma ba sawun takalmi ko ɗaya. Ta matsa ƙwaya guda tsakanin yatsu. Kwana goma. Ta zauna a jiƙe a kan ciyawa, kuma abin da ta fara ji tsoro ne.

Da ta sauko ba ta ko shiga ɗakinta ba. Ta zagaya ta ƙwanƙwasa ƙofar gaba kamar baƙuwa, da laka har gwiwa. Aslaug na zaune a kicin tana saƙa, ƙafa a kan kujera, sanda a gefe. Sveinung na karanta jarida.

"Na samu wani wuri," in ji Vigdis. "Ba na kowa ba ne. In aka bi ta bayan..."

"Tsaya." Aslaug ta ɗaga allurar saƙa. "Kada ki gaya mini. Ƙafata ba za ta je ba, kunnena kuma ba ya bukata. Sun nuna?"

"Saura kwana goma."

Sveinung ya sauke jarida. "Kwana goma? Tsohuwa, wannan fa ko awa goma ba ta taɓa yi ba."

"Ta taɓa yin kwana tara," in ji Aslaug.

Vigdis ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta tsaya laka na ɗiga a kan dardumar mutane. Sai da Aslaug ta kai ƙarshen layin saƙarta sannan ta ce kwalaben nan suna ɗakin ajiya, ba a taɓa su ba. In multen ya cika kwana goma a inda yake, ya iso gidan nan rawaya, to Vigdis ta hawo da shi ta matakalar ciki su zauna su gyara tare. In bai cika ba, ba sai ta zo ba da labari ba.

Wannan Asabar ce. Lahadi Vigdis ta yini a ɗaki, ko coci ba ta je ba. Amma Litinin kwaleji ke buɗewa. Mutum ɗari uku za su wuce ta gabanta da faranti, kowa zai ga ƙujewar da ke hannunta ya tambaya, ita kuma ta san kanta, shekara arba'in da tara tana zaune da bakin nan.

Abin da ta faɗa ranar Litinin ɗin, ta kuma maimaita shi da yamma a kanti da gidan waya, shi ya sa a kwanakin da suka biyo baya aka ga abin da ba a taɓa gani ba a Skarvedal. Malamai na ɗaukar farantinsu su tashi tana tsakiyar yi musu hira. Direban bas na ƙure muryar rediyon motarsa. Mai gidan waya ya toshe kunne da yatsu yana rera waƙar coci. Har ƙanwar Sveinung, wadda ta fi kowa son ji, an gan ta ta bar kayanta a kan teburin kanti ta fice. Ranar Litinin ɗin kuwa, da ƙarfe goma sha biyu ne, ɗakin cin abinci ya cika, Vigdis ta riƙa buga ludayi a murfin tukunya har aka yi tsit. Fuskarta ta yi ja har wuya.

"Sababbi, sunana Vigdis, tsofaffi sun san ni. Akwai abin da na sani wanda bai kamata in faɗa ba, kuma zan faɗa, don haka nake. Na taɓa yi, wata mata ta rasa abin da uwarta ta bar mata, ta rasa ƙafarta a kai. Kwana takwas nake roƙo. Kada wanda ya tambaye ni inda na je ranar Asabar. In kuma kun ji na fara da kaina, kada ku tsaya yi mini ladabi, kada ku jira in kai aya. Ku tashi ku bar ni ina yi."